Yadda zaka fita ɗaukar fim da kaka ka dawo da abin kirki

Duk shekara da zarar ruwa ya ɗauke, aka fara jin ɗan sanyi-sanyin nan na asuba, sai ƙannenmu masu sha'awar harkar kyamara su fara kira, Yaya ina za ka bana, Yaya dan Allah a tafi da ni. To ba kowa ne zan iya ɗauka ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda nake yi, wanda yake da waya mai ɗan kyau ko ƙaramar kyamara ya fita da kansa, domin gaskiya abin da ke wucewa a karkararmu tsakanin Oktoba da Disamba ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya ma fi ƙarfin mutum ɗari, kuma tsofaffin da suka san kan abin kullum raguwa suke.

Me ya sa kaka? Saboda lokacin ne manomi yake da abu biyun da ba ya samu a tare sauran shekara, wato sukuni da ɗan abin hannu. An yanke gero, an cire gyaɗa, ana roron wake, dawa na jiran girbi, rumbu ya fara nauyi, sai ka ga aure ya ɓarke ko'ina, makaɗa sun fito, samari sun sa ranar kalankuwa, 'yan kokawa suna bin gari-gari, Fulani suna sharo a bakin kasuwa. Damben nan ma da yanzu ake kallo kusan kullum a gidan dambe na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano ko a Dei-Dei ta Abuja, asalinsa wasan mahauta ne, kuma da kaka suke fita da shi. Idan kana son ka ga abu a inda ya tsiro to wannan ne lokacinsa.

Abu na farko ka zauna da biro da takarda ka jera ranaku, kuma ka sani lissafi iri biyu zaka riƙe. Akwai bukukuwan da suke bin damina da girbi, su ba sa gusawa sosai, akwai kuma masu bin watan Musulunci waɗanda kowace shekara suke matsowa da kamar kwana 11. Misali Takutaha da Kanawa ke hawa Dala mako ɗaya bayan Maulidi, da Sallar Gani ta Daura da Haɗeja da Gumel, duk a Rabi'ul Awwal suke, a 2024 Maulidi ya faɗo tsakiyar Satumba, a 2025 kuwa farkon Satumba, kaga ke nan suna ta shigewa cikin damina, wanda ya saba haɗa su da aikin kaka sai ya sake tsari. Ta ɓangaren Nijar akwai taron gishiri na Ingal da Abzinawa da Fulanin Woɗaaɓe ke haɗuwa a watan Satumba, sai kuma kokawar takobi wadda aka fara tun 1975 a Tawa, jihohi 8 kowace ta kawo 'yan kokawa 10, ana zagayawa da ita jiha-jiha, ita yawanci sai ƙarshen Disamba. Kamun kifin Argungu kar ka sa shi a lissafin kaka, sai wajen Fabrairu ko Maris. A birni kuma akwai KILAF a Kano, bikin finafinan harsunan Afirka da aka fara 2018 wanda ake yi a Nuwamba, da Zuma na hukumar finafinai ta ƙasa a Abuja cikin Disamba, da tarukan littafi da fasaha irin su KABAFEST da ya fara a Kaduna 2017 da HIBAF da ya fara 2021, su waɗannan sai ka riƙa bin shafukansu don ranakunsu na canzawa. Kuma kafin ka hau kowace hanya ka kira mutumin garin ka tambaye shi lafiyar hanya, ka tambayi direbobin tasha, ba a tafiyar dare, wannan ba sai na tsawaita ba, duk mun san halin da wasu yankunanmu ke ciki.

To da ka gama jera su, sai ka soke kusan duka. Eh, haka na ce. Kuskuren da ya fi cin masu farawa shi ne son zuwa ko'ina, yau Gumel gobe Maraɗi jibi Zariya, a ƙarshe mutum ya dawo da mimori cike da dawakai da ƙura da mutane suna ɗaga wa kyamara hannu, amma babu labari ko ɗaya. Ka zaɓi gari ɗaya ko biyu, a cikin garin ka zaɓi mutum ɗaya. Makaɗin kalangu da yake koya wa ɗansa, ko ɗan damben da zai fara shiga fili bana, ko tsohuwar da ke shiƙa a masussuka ana biyanta da hatsi, ko yaron da ya dawo daga cirani don kalankuwa. Shi zaka bi tun yana gona har ranar wasa har washegarin wasa, bikin sai ya shigo ta bayansa da kansa. Mai kallo ba ya riƙe taro a ransa, fuska yake riƙewa.

Yanzu maganar shiga gari, wadda ita ce rabin aikin a wurina. Kar ka fara zuwa da kyamara a hannu. Ka je mako ɗaya ko biyu kafin ranar, ka nemi wanda zai maka jagora, malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin garin ko wani ɗan garin da kuka sani a birni, ya kai ka wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai ka wurin dagaci, idan babban taro ne har gaban hakimi. Ka riƙe goronka. Na tuna wani gari da na je a gabashin Kano, muka zauna a zauren dagaci tun hantsi, takalmanmu a waje, ana ta shari'ar wata akuya da ta shiga gonar wake, sai da aka gama aka juyo kanmu. Na durƙusa na ce ranka ya daɗe, ni mai ɗaukar hoto ne, na zo neman izini in ɗauki wasan samari. Bai amsa ba sai da ya ɓare goro ya ci, sannan ya ce, yaro, ina za ka kai shi? Na ce ranka ya daɗe zan sa a intanet, in Allah ya yarda kuma in kai wurin taron finafinai. Ya ce to mu fa, yaushe za mu gani? Wallahi wannan tambayar ce ta canza min yadda nake aiki, don a lokacin ban taɓa sa shi a lissafi ba. Na yi masa alkawarin dawowa da shi, nan take ya sa aka kira sarkin samari ya ce ga baƙonka.

Ka faɗi gaskiyar inda zaka kai hoton, kar ka ce na makaranta ne alhali YouTube zaka sa. Bayan dagaci akwai masu wasan kansu, sarkin samari, sarkin makaɗa, idan dambe ne sarkin dambe ko mai gidan wasa, kowa da haƙƙinsa, kuma makaɗi sana'arsa ce ka zo ɗauka, don haka ka ware masa nasa tun daga gida, ka yi masa kari a fili kamar kowa, ka kuma ba shi na musamman a gefe, ku yi magana a kan cewa kiɗansa zai shiga fim. Duk wanda zai yi magana a kyamara ka fara da ɗaukar amincewarsa da bakinsa, ya faɗi sunansa ya ce na yarda a nuna, daƙiƙa goma ce amma masu shirya bukukuwan finafinai suna tambaya, kai ma ta kare ka.

Mata kuwa a yi hattara sosai. Ni an taɓa sa ni na cire fitowa mafi kyau a wani aiki nawa, wata baiwar Allah tana shiƙa da yamma, rana ta bayanta, ƙaiƙayi na tashi kamar zinare, ita ta yarda amma ban bi ta wurin maigidanta ba, daga baya ya aiko cewa bai amince ba, kuma na cire, don zamanta lafiya a ɗakinta ya fi min fim ɗin. Tun daga nan nake tafiya da mace a cikin aiki duk lokacin da labarin ya shafi cikin gida. Ke 'yar'uwa mai sha'awar harkar nan, ki sani akwai ƙofofin da ke kaɗai za a buɗe wa, waƙoƙin daka da na niƙa da gaɗar 'yan mata da hirar tsofaffi a tsakar gida, mu iyakarmu zaure, kuma waɗannan su ne suka fi saurin ɓacewa tunda injin niƙa ya shiga ko'ina. Yara ƙanana ma sai da iznin iyayensu.

Kayan aiki ba sai masu tsada ba. Waya mai kyau, ƙafar kyamara, ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, iyafis, fawa banki biyu, mimori fiye da yadda kake zato. Ga lissafi mai sauƙi, idan kyamararka na ɗaukar 4K a kan megabit 100 to awa ɗaya tana cin wajen gig 45, ke nan mimori mai gig 64 ko awa ɗaya da rabi ba zai kai ka ba, shi ya sa nake ce wa masu farawa su tsaya a 1080, ya isa, kuma kwamfutarka ba za ta riƙa tsayawa ba lokacin editin. Ka saita kyamara a firam 25, wato hoto 25 a daƙiƙa, shota (saurin buɗewar idon kyamara) 1/50, saboda wutar lantarkinmu ta Nijeriya da Nijar mai zagaye 50 a daƙiƙa ce, idan ka bar kyamarar a firam 30 zaka ga hoton dare yana ƙyafta ido a ƙarƙashin wasu ƙwayayen lantarki. Babban abokin gabarka ƙura ce. Da hunturu ya fara busowa kar ka kuskura ka cire gilashin kyamara a fili, ka shiga mota ko ɗaki, ka riƙe 'yar robar hura iska da ƙyalle mai laushi, ka hura kafin ka goge don yashi na kankare gilashi, in ba ka ɗauka kuma ka rufe ta da leda ko rawani. Batir kar ka bar shi a rana. Ka san mai cajin garin tun ranar farko, ka rubuta sunanka a jikin kowane batir. Diron kuwa, wato ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto, ba a tayar da shi haka kawai, a Nijeriya sai da izinin hukumar kula da jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a garin da mutane ke cikin zullumi abu mai shawagi a sama tsoro yake jawowa, ni na fi son in roƙi mai soro in hau.

Sauti, sauti, sauti. Mutane za su yafe maka hoto mai ɗan duhu amma ba za su zauna su saurari ƙara ba. Kalangu yana da kaifi, ganga tana da nauyi, ga sifikar maroƙa, ga janareto, ga iska, idan ka dogara da makirfon jikin kyamara abin da zaka samu hayaniya ce zalla. Abin da nake yi, in sa wa makirfo rigar nan mai gashi-gashi saboda iska, in rage ƙarfin shigar sauti ya riƙa tsayawa wajen -12 a ma'aunin sauti, in ajiye waya ta biyu kusa da makaɗa amma ba a bakin sifika ba tana naɗa ita kaɗai, in tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara don in gane inda zan haɗa su. Iyafis kuma ba ya barin kunnena. Sannan ga wata dabara, washegari da safe kafin gari ya tashi ka roƙi makaɗin ya zauna da kai a bayan gari ƙarƙashin bishiya, ya kaɗa maka taken kowane ɗan wasa ɗaya bayan ɗaya, ya fassara maka abin da kalangun ke faɗa, don kalangu magana yake yi, yaran yanzu da yawa ba sa ji. Ka ce masa Sarki, wannan na wane ne, me ya ce? Zaka sha mamakin tarihin da zai fito daga nan, sunayen mazajen da suka shuɗe da garuruwan da aka yi karo. Kar ka manta ka naɗi minti biyu na shirun gari kawai, kukan zakara, daka daga nesa, wucewar shanu, wurin editin zaka gode wa Allah da ka yi.

Haske kuma na safe ne da na yamma. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar. Tsakar rana ta hira ce a inuwa da cajin batir. Ka tuna a Nuwamba wajen ƙarfe 6 rana ta faɗi a Kano, kuma duhu ba ya jira, dambe da kokawa kuwa sai bayan la'asar ake farawa, manyan karo kuma a ƙarshe ake ajiye su, daidai lokacin da haske ke gudu, don haka ka zaɓi wurin tsayawarka tun da wuri, rana ta kasance a bayanka ko a gefenka, ka gaisa da mutanen da zaka tsaya a gabansu, ka durƙusa kar ka tare wa dattawa.

A filin dambe kar idonka ya tsaya a kan naushi kaɗai. Je ka inda ake ɗaure hannu, ka ɗauki yadda ake naɗa zaren nan sannu a hankali, yadda yaron ke kallon ƙasa, yadda ubangidansa ke masa magana a kunne, yadda jikinsa ke tsuma idan makaɗi ya ɗauko takensa ya fara kirari. Ka san ɓangarori, wane ne na Arewa wane ne na Kudu wane ne Guramaɗa, ka san turmi uku ake yi, kuma da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa. Idan kana son ka rage gudun hoto daga baya sai ka ɗauki karon a firam 50. In an yi kisa kowa zai ruga wurin wanda ya yi nasara, kai ka ɗan tsaya a kan wanda ya faɗi, da wanda ya zo ya ɗaga shi ya karkaɗe masa ƙasa, amma da mutunci, ba don a yi masa dariya a TikTok ba. Kowane hoto ka riƙe shi aƙalla daƙiƙa 10 ba motsi, ka daina zuƙowa da turawa, ka ɗauki na nesa da na tsakiya da na kusa, hannaye da ƙafafu da fuskokin 'yan kallo, mai sayar da rake, yaran da suka ɗare bishiya. Idan aka kira sallah ka sauke kyamara.

Kowane dare kafin ka kwanta, komai gajiya, ka juye abin da ka ɗauka wuri biyu, kwamfuta da faifan ajiya na daban, ka buɗe ka tabbatar yana yi kafin ka goge mimori, kuma kar ka sa su a jaka ɗaya. Ka buɗe littafinka ka rubuta sunan gari, kwanan wata, cikakken sunan kowa da sarautarsa yadda shi yake faɗa, sunan kowane kiɗa, da lambar wanda zaka kira idan ka manta wani abu. Bayan wata biyu duk fuskokin za su cakuɗe maka, kuma babu abin da ke ɓata wa mutum rai irin ya ga an rubuta sunansa ba daidai ba a ƙasan hotonsa.

Editin ka fara shi tun kana cikin zafin abin. Manhajar editin ta DaVinci Resolve akwai ta kyauta, a waya kuma CapCut na yi. Ka nufi minti 10 zuwa 15, ka yanke duk abin da bai shafi mutuminka ba ko da ya yi kyau, ka bar mutane su yi magana da bakinsu maimakon ka cika fim da sharhinka, kuma dan Allah kar ka ɗora kiɗan wani daga intanet a kan kalangun da ka sha wahalar naɗowa. Idan zaka tura waje sai ka sa fassarar Turanci ko Faransanci a ƙasa, ka ba wanda ya iya harshen sosai ya duba, kirari ba ya fassaruwa da gaggawa. Yawancin bukukuwan finafinai ta shafin intanet na FilmFreeway suke karɓa kuma suna rufe karɓa watanni kafin taro, ma'ana abin da ka ɗauka kakar bana na KILAF ko Zuma ko AFRIFF ta Legas na baɗi ne, wasu kuma ba sa son fim ɗin da aka riga aka saki a intanet, ka karanta sharuɗɗansu kafin ka ɗora. Bana dai ka je a matsayin ɗan kallo, ka zauna a bita, ka gaisa da mutane, ka riƙe ɗan guntun aikinka na minti ɗaya a waya. In a Kano kake aiki ka san akwai hukumar tace finafinai tun 2001, ka je ofishinsu ka ji ƙa'idar rajista da ta nunawa a bainar jama'a, wasu jihohin ma suna da nasu tsarin.

Sai alkawarin dagaci. Kafin kowa ya gani, mutanen garin ne za su fara gani. Ka ari majigi, ka sami farin yadi ko bango mai farin fenti, sifika ɗaya mai ƙarfi, ƙaramin janareto da doguwar waya don a kai shi nesa ƙararsa kar ta danne magana, ka je da wuri ka gwada komai tun da rana, ka sa a yi shela cewa bayan isha'i ne a ƙofar fada ko filin makaranta, a ware wa mata da yara gefensu. Ranar da na mayar da nawa garin nan, sanyi ya sauko sosai, kowa ya ƙudundune a mayafi, da fuskar makaɗin ta fito a jikin yadi sai wurin ya kaure da sowa, shi kuwa yana zaune a kan tabarma bai ce komai ba, yatsunsa kawai nake gani suna motsi a kan gwiwarsa suna bin kiɗan. Sau uku aka sa na maimaita. Da aka tashi wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce ɗan nan, taken da ka ce na wane ne ba nasa ba ne, na mahaifinsa ne, shi gado ya yi. Na koma gida na gyara kafin in tura ko'ina.

Ka tafi da mimori uku ko huɗu da ka juye fim ɗin a ciki, ɗaya na dagaci, ɗaya na mutumin da ka bi, ɗaya na makaɗa, ɗaya ka ba mai turin finafinai na kasuwar garin, ka kuma yi ƙaramin kwafi marar nauyi wanda zai bi ta Xender da WhatsApp ba wahala. Hotuna marasa motsi kuma ka wanke guda goma ko ashirin a kati ka raba wa masu su, tsofaffi sun fi son abin da za su riƙe a hannu su sa a ƙarƙashin fanteka. Kafin ka hau babur ka tambayi sarkin samari ranar da suke sa ran yin na baɗi, ka rubuta a littafin.